Daga Kano Zuwa Ushafa da Bida, Neman Abin da Hannu Zai Yi

A gidanmu da zarar an ba da hutun makaranta, jakunkuna ke fara saukowa daga saman durowa. Abban yara ma'aikaci ne, ni kuma ina koyarwa a firamare, don haka tun yaran suna ƙanana muka saba fita da su. Sun leƙa rijiyar Kusugu a Daura, sun ga hasumiyar Gobarau a Katsina, sun yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki a Yankari, mun kuma kai su Damagaram wajen dangin mahaifiyata. Ba kuɗi ne ya yi mana yawa ba. Adashi nake zubawa musamman saboda wannan, kuma inda duk muke da ɗan'uwa, gidansa muke sauka.

Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, mu je mu ga wuri, mu ɗauki hotuna, mu dawo, washegari kowa ya koma kan waya da talabijin. Ni kaina idan na taso daga makaranta na gama girki, hannuna yakan nemi abin yi. Na yi saƙa da kwarashi, na taɓa ɗinkin hula, na koyi haɗa turaren wuta da humra, har marinar Ƙofar Mata na je na zauna ina kallon yadda ake ƙulle yadi kafin a tsoma shi a baba. Kowanne na ji daɗinsa, amma babu wanda ya zaunar da ni da yaran a tabarma ɗaya. Wata rana Auta ta dawo daga aike da canjin naira 20, ta juya bayan takardar ta ce, "Umma, wace ce wannan mai tukunya?" Na ce mata Ladi Kwali ce, shahararriyar maginiyar tukwane daga ƙasar Gbagyi. Daga wannan hirar muka yanke cewa hutun Disamba za mu bi sawun masu aikin hannu, mu fara da yumɓu a ƙasar Gbagyi, mu ƙare da gilashi da tagulla a ƙasar Nufe.

Bayan sallar asuba muka isa tashar Unguwa Uku, hazo ya rufe gari, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi. Muka biya kuɗin kujerun baya gaba ɗaya don kada a matse yaran. Muka haye gadar Tamburawa, muka wuce Kura da gonakin rani na Kadawa, a Kwanar Gafan kwandunan tumatir jere a bakin titi ana lodi. Kwanar Ɗangora, Tashar Yari, Kwangila a Zariya, Jaji, sai Kawo. Shingayen jami'an tsaro suna nan a hanya, direba ya sassauta, a gaisa, a leƙo a ga mata da yara, a ɗaga hannu. A Tudun Wada muka kwana gidan yayata, wadda ta tarbe mu da dambun shinkafa da zoɓo mai sanyi.

Daga Kaduna jirgin ƙasa muka zaɓa. Abban yara ya sayi tikiti ta intanet tun muna gida, kuma sai da lambar katin ɗan ƙasa. A tashar Rigasa aka duba sunaye, aka binciki kaya, muka shiga. Yaran ba su taɓa hawa jirgin ƙasa ba, saboda haka rigimar farko a kan kujerar taga aka yi ta. Wannan layin tun 2016 yake aiki, kuma duk wanda ya hau shi yanzu yana tuna daren 28 ga Maris 2022, lokacin da aka kai wa jirgin hari aka kashe mutane aka tafi da wasu daji. Da muka doshi wajajen Rijana sai na ji hira ta ragu a taragon, wasu sun ciro carbi. Ni ma addu'a nake yi a zuci, ina kallon yaran suna ƙirga shanu ta taga, ban ce musu komai ba.

Kusa da ni wata dattijuwa ce za ta Abuja wajen 'yarta da ta haihu, da ƙullin yajin jego da daddawa a jakarta. Da na faɗa mata abin da zai kai mu, sai ta ce, "To madalla. Sayarwa za ki riƙa yi ke nan?" Na ce a'a Hajiya, so nake kawai mu iya, ni da yara. Ta dube ni ta ce, "Ikon Allah." Wannan tambayar ta bi ni har ƙarshen tafiyar, kusan duk wanda na yi wa bayani sai ya yi ta. A wurinmu aikin hannu da neman kuɗi tare suke tafiya, mace mai saƙa ko kitso ko ƙuli-ƙuli tana yi ne don ta rufa wa kanta asiri, kuma ina girmama hakan ƙwarai. Amma ina ganin akwai gurbin mutum ya iya abu don nutsuwar ransa, yaro kuma ya san cewa abin da yake amfani da shi wani ne ya zauna ya yi shi.

A Kubwa muka sauka, don ta fi kusa da inda za mu. Muka kama ɗakuna biyu a wani masauki, kowanne naira 30,000, kuɗin da ya sa na yi ta lissafi a raina har na yi barci. Da safe muka ɗauki tasi ta Dutsen Alhaji, muka bi hanyar Bwari. Ɗan Kano idonsa ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, Dala da Gwauron Dutse ne kawai tsaunukanmu, a nan kuwa duwatsu ne ta ko'ina, ga madatsar ruwan Usuma da ke shayar da Abuja a kusa. A hanya muka ga matan Gbagyi, waɗanda muke kira Gwarawa, ɗauke da itace a cikin ƙwarya a kafaɗa maimakon ka. Yaran suka yi ta waiwaye.

Ushafa ƙaramin gari ne a gindin duwatsu. Cibiyar tukwanen da ke can ta samo asali ne daga shirin kyautata rayuwar matan karkara na marigayiya Maryam Babangida, kuma a 2000 shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarci garin, abin da mutanen wurin ba su manta ba har yau. Akwai ɓangaren zamani, inda ake ɗora yumɓu a faifai mai juyawa a fitar da kofi da faranti, a shafa musu ruwan sheƙi a gasa a tanderu. Wannan ya burge Abban yara. Ni kuwa ƙafata ta tsaya ne a rumfar mata masu gini irin na gargajiya.

Wadda ta karɓe mu dattijuwa ce mai Hausa rangaɗau. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Mama, koyo muka zo." Ta ce, "Malama, da wannan lallen a hannu?" Muka yi dariya, ta miƙo mini tsohon zane na ɗaura a kan kayana. Abin da na fara fahimta shi ne ginin ma shi ne ƙaramin aiki. Sai an haƙo yumɓu, an shanya, an daka, an jiƙa, an tsince tsakuwa, sannan a haɗa shi da garin tsingaro da aka daka a turmi. Ta ce yumɓu zalla ba ya jure wuta, tsohuwar tukunyar da ta fashe ita ke ba sabuwa ƙarfi. Daga nan a tattake shi da ƙafa har ya yi laushi. Wannan aikin ta ba yaran, suka cire takalma suka shiga, na tsakiyan har da waƙa.

Sai ta fara gini. Ta ajiye curin yumɓu a kan gindin wata fasasshiyar tukunya, ta nutsa dunƙulen hannu a tsakiya, ta fara jawo bango sama da yatsu. Tukunyar ba ta motsi, ita ce take zagaya ta, a sunkuye, tana ja da baya, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje. Idan bango ya yi tsawo sai ta murza wani yumɓun ya zama kamar igiya, ta ɗora a baki, ta shafe har a rasa inda aka haɗa. Ba ma'auni, ba zane a takarda, amma bakin tulun ya fito a zagaye daidai. Ta ɗauki jiƙaƙƙen ƙyalle ta lanƙwasa leɓen, ta gangara wata 'yar murɗaɗɗiyar igiya a kafaɗar tulun, sai ga ado ya fito layi-layi. Babbar 'yata, wadda ba ta minti biyar ba ta duba waya ba, tana tsaye baki buɗe.

Aka ba kowannenmu curi. Mama ta ce kada mu fara da tulu, mu fara da abin da tafin hannu zai iya riƙewa. Na ce ina son kaskon turaren wuta. Ta nuna mini yadda zan fitar da kwanon sama da gindin daban, in karce wurin haɗin, in shafa ruwan yumɓu, sannan in manna. Yumɓu yana da sanyi a hannu, kuma ba ya karɓar gaggawa: in ka matsa da ƙarfi ya huje, in ka ji tsoro ya yi kauri. Auta ta yi asusu, namijin ya ce mota zai yi, ya ƙare da wani abu mai ƙafa huɗu da Mama ta ce ai kunkuru ne, kuma kyakkyawa. Har azahar ta yi babu wanda ya ce yana jin yunwa, babu wanda ya nemi waya. Tun da muke tafiye-tafiyenmu ban taɓa ganin su ukun sun nutsu a kan abu ɗaya haka ba.

Ba mu dace da ranar gashi ba, amma ta kai mu filin ta bayyana mana. Ana jera busassun tukwane a kan itace, a lulluɓe da ciyawa da kara, a cinna wuta a fili. Idan sun gasu, tun da zafinsu, a yayyafa musu ruwan ɓawon ɗorawa da aka dafa, su yi duhu su yi ƙyalli. Na ce, "Mama, ai makuba ke nan!" Kakata a Damagaram da ita take yayyafa wa daɓen ɗakinta. Ta ce kowane gashi sai an yi asarar wasu, kuma robobi da tukwanen alminiyam sun cinye musu kasuwa, yanzu tukwanen fulawa da kayan ado ne suka fi tafiya. Da za mu tafi na ba ta kuɗin koyarwa ban da kuɗin kayan da muka saya. Ta so ta ƙi, na ce wallahi sai ta karɓa. Rabin yininta muka ci, kuma abin da ni nake nema don nishaɗi, ita da shi take ciyar da jikoki. Duk mai niyyar zuwa irin wannan wuri da yara, ina roƙonsa ya sa wannan a lissafinsa.

Washegari muka yi shatar mota daga Zuba zuwa Bida. A Madalla muka tsaya yaran suka ga Dutsen Zuma, suka ciro naira 100 suna gwadawa da na jikin takardar. Muna ratsa Suleja Abban yara ya ba su tarihin garin: nan ce Abuja ta asali, wadda zuriyar sarakunan Zazzau na Haɓe suka kafa bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya, shi ya sa har yau sarkin garin Sarkin Zazzau ake ce masa. Da aka ɗauki sunan aka ba sabon babban birni, sai garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. A gidan wannan sarkin ne wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya ga tulunan Ladi Kwali. Ya buɗe makarantar koyon tukwane a garin, ita kuma ta shiga a 1954, mace ta farko a wurin. Tulunanta masu zanen ƙadangare da kifi da kunama sun kai ta Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Auta ta ce, "Ashe irin aikin Mama take yi." Na ce ƙwarai, da irin wannan zagayen ta fara.

Daga Lambata muka karkata zuwa Lapai, kuma a nan wahalar tafiyar ta same mu. Hanya ce ta manyan motoci, tirela da tankar mai da ke tsakanin Legas da Arewa, kuma sun cinye kwaltar a wurare da dama. Ƙura ja tana shigowa ko an rufe gilashi. Kafin Agaie muka tarar da wata tirela ta kwanta a tsakiyar hanya, layin motoci ya miƙe iya ganin ido. Direbanmu ya kashe mota ya ce, "Alhaji, sai haƙuri." Rana ta take, ruwan da muka ɗauko ya ƙare, Auta ta fara kuka, ni kuma hankalina yana kan kada dare ya yi mana a daji. Matan wani ƙauye da ke kusa suka fito da soyayyar doya da yaji, da rake, da gyaɗa, muka saya muka ci a inuwar mangwaro. Wani direban tanka, mutumin Funtuwa, ya ga halin da muke ciki ya sauko da jarkar ruwa ya ce, "Hajiya, a ba yara, a yi alwala da sauran." Ya ce shi tun jiya yake wurin, kuma ya saba. Ya shimfiɗa mana tabarmarsa a gefen tankar muka yi azahar da la'asar. Na yi masa godiya har na rasa kalmar da zan ƙara. Sai gab da magariba matasan ƙauyen suka fitar wa ƙananan motoci wata hanya ta cikin gona, kowace mota ta ba su ɗan abin sayen ruwa. Muka wuce Badeggi da fadamun shinkafarta cikin duhu, muka shiga Bida bayan isha.

Masaukin Bida rabin kuɗin na Kubwa ne, naira 15,000 ɗaki, sai dai ana kashe janareta da tsakar dare. Mun baro Kano ana rawar ɗari, a nan kuwa zufa muka kwana yi, ga sauro. Rigunan sanyin da na cika jaka da su ba su fito ba. Abincin ne ya wanke mana gajiya: tuwon shinkafa da miyar wake mai kauri, da busasshen kifi da manja. Mu a Kano wake sai a dafa-duka ko alale ko ƙosai, Nufawa kuwa miya suke yi da shi mai daɗin gaske. Ƙuli-ƙulin Bida ma ya cancanci sunan da ya yi, siriri ne mai ƙaras-ƙaras da ɗan yaji.

Da safe mai masaukin ya haɗa mu da wani mai Keke Napep da ya san gari. Ya bi da mu ta Wadata muka ga fadar Etsu Nupe daga waje, sannan ya kai mu Masaga, unguwar masu gilashi. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen duniya da suka yi fice a sana'o'in hannu, kuma wannan unguwa na cikin dalilan. Rumfa ce mai duhu, a tsakiya murhun yumɓu a ƙasa, maza zaune kewaye da shi, wani yaro yana ta buga zugazugi. A gefe tarin fasassun kwalabe ne an ware su launi-launi, kore, ruwan ƙasa, shuɗi, fari. Mai aiki zai narka gilashin a bakin sandar ƙarfe har ya yi ja yana zuba kamar zuma, ya naɗe shi a kan wata siririyar sandar yana murzawa, ya ɗiga masa wani launin, ya daidaita da ɗan ƙarfe, sai ga dutsen wuya ya fito. Awarwaro kuwa ana faɗaɗa zoben ne a kan sanda ana kaɗawa har ya kai girman hannu. Zafin wurin ya sa na ja da baya zuwa bakin ƙofa, su kuwa a nan suke yini.

Dattijon wurin ya ce kakanninsu daga Masar suka taso, suka biyo ta gabas har suka zauna a nan, haka suka gada daga bakin iyayensu. Ya ce a da su da kansu suke haɗa gilashin daga yashi da kanwa, kafin kwalba ta yawaita. Na tambaye shi ko baƙo yana iya koya. Ya ce, "'Yata, wannan yaron da kike gani a kan zugazugi, a nan ubansa ya fara, a nan ni ma na fara." Na gane amsar. Aiki ne na gado, na maza, mai buƙatar wuta da shekaru, ba abin da za a ɗauka a kai tsakar gidan haya a Kano ba ne. Ban ji haushi ba ko kaɗan, don ganin kwalbar da muke jefarwa a bola ta koma abin wuya ya ishi yaran darasi. Muka sayi sarƙoƙi da awarwaro na tsaraba, sarƙa ɗaya naira 2,000 bayan ɗan ciniki, kuma ban matsa da ragi ba bayan abin da idona ya gani.

Tswata Mukun, unguwar maƙeran tagulla, kunne ne ke fara sanar da kai ka iso. Ƙwanƙwasa ce ta ko'ina. Suna yin tire, buta, tasa mai murfi, ludayi, wasu da tagulla wasu da alminiyam, sannan a bi jikin da ƙananan ƙusoshi masu baki iri-iri ana bugawa da guduma har fure da ganye su cika shi. Na tuna irin waɗannan tasoshin a jeren ɗakin kakata, ashe daga nan suke tasowa. A nan namijin nawa ya samu abin da yake so. Wani matashin maƙeri ya ba shi guntun alminiyam da ƙusa ɗaya da ƙaramar guduma, ya nuna masa yadda zai riƙe, ya bar shi. Yaron da malamansa ke ƙorafin ba ya zama wuri ɗaya ya zauna yana buga layi bayan layi har sai da Abbansa ya ce lokacin sallah ya yi. Da za mu tafi maƙerin ya sayar mana da ƙusoshi uku masu baki daban-daban, ya ce a nema masa murfin gwangwanin madara ya riƙa gwadawa a kan katako.

Komowa ta Minna muka bi zuwa Suleja, muka sake hawa jirgi a Kubwa, muka kwana Kaduna, muka iso gida lafiya.

Kayan da muka gina a Ushafa ɗanye ne, ba su ɗaukuwa, a can muka bar su wajen Mama. Da muka huta sai na je wajen mai sayar da tukwane a kasuwar unguwarmu, ya haɗa ni da wata maginiya a wani ƙauye bayan gari, ta sayar mini da buhun yumɓu da ta riga ta haɗa. Yanzu ranar Asabar bayan an taso daga Islamiyya muna shimfiɗa buhu a tsakar gida. Iskar hunturun Kano tana busar da yumɓu da sauri har ya tsage, don haka muna rufe abin da muka gina da jiƙaƙƙen tsumma a ɗaki ya bushe a hankali, kamar yadda Mama ta ce. Ba mu da wurin gashi, sai muka shirya da maginiyar: idan za ta yi nata, Abban yara ya kai mata namu a kwali ta sa a ciki, mu biya kuɗin kara. A gashin farko kaskona ɗaya ya fashe, biyu sun fito lafiya, asusun Auta ma ya fito. Yaran maƙwabta sun fara shigowa suna neman curi, har na ƙara odar buhu na biyu. Babbar kuma ta ce hutu mai zuwa Sakkwato take so mu je wajen dukawa, ta ga yadda ake rina fata ja a yi mata ado, kuma na riga na yi wa uwar adashi magana a ba ni kwasar watan da ya dace.